Tsohuwar Kwamfuta da Ƙwayar Linux da Aka Yanka Daidai Jikinta



Yau maganar tsofaffin kwamfutoci za mu yi, irin waɗanda aka jibge a sito a makarantu da ofisoshi, ƙura ta lulluɓe su, ana jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo su saye su a kilo. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, kamar yadda ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, da Windows XP a Afrilun 2014. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take shiga ba. Sai mai ram gigabayit 4, da ma'ajiya gigabayit 64, da furosesa mai bit 64 na 'yan shekarun nan, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Duk wanda ya san irin kwamfutocin hannu da ake sauke mana a kwantena ya san da yawansu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. To shin sun mutu ke nan? Ni dai a ganina akasarinsu lafiyarsu ƙalau. Manhajar da ake ɗora musu ce ta fi ƙarfinsu. Kuma akwai sana'ar rage wannan nauyi, sana'a ce da ake koya, ba ta buƙatar ko sisi sai haƙuri da natsuwa.

Bari mu fara daga tushe. A cikin kowace babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta akwai wata ƙwaya, wadda masu sana'ar ke kira kanel. Ita ce ke fara tashi bayan an kunna na'ura, ita ke raba ram tsakanin manhajoji, ita ke tsara wanda zai yi amfani da furosesa yanzu da wanda zai jira, ita ke magana da faifan ajiya da kibod da linzami da katin intanet. Mai amfani da kwamfuta ba ya ganinta, amma in ta tsaya komai ya tsaya. Ƙwayar Windows a rufe take, kamfanin da ya yi ta ne kaɗai ke da ikon taɓa ta. Ta Linux kuwa a buɗe take, kowa na iya sauko da rubutunta na asali, ya karanta, ya cire abin da ba ya so, ya harhaɗa tasa.

Abin da zai ba mai sauraro mamaki shi ne a kan tsohuwar kwamfuta aka haifi Linux ɗin kanta. A farkon 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya sayi kwamfuta mai furosesa Intel 386, ram ɗinta megabayit 4, faifanta megabayit 40. A kanta ya rubuta ƙwayar farko, ya sanar da ita a watan Agusta, ya saki sigar farko a watan Satumba, layukan rubutunta wajen 10,000. A farkon 2025 layukan sun haura miliyan 40. Wannan ƙiba ba ta banza ba ce. Mafi yawanta direbobi ne, wato 'yan manhajojin da ke koya wa ƙwaya yadda za ta yi magana da kowane irin ƙarfe: katin sauti na wannan kamfani, kyamarar wancan, na'urorin manyan rumbunan bayanai, wayoyin Android, har da kayan da ba mu taɓa gani ba a wannan yanki.

Masu rarraba Linux irin su Debian da Ubuntu ba su san a kan wace na'ura za ka ɗora ta ba, don haka sai su kunna kusan komai. Kamar telan da aka ce ya ɗinka riga ɗaya da za ta shiga kowa a gari ne. Dole ya yi ta burmemiya. Ƙato zai sa ta ya ji daɗi, yaro kuwa sai ta riƙa harɗe shi. Aikin da muke magana a kai shi ne a auna yaron, a yanka masa tasa.

Awon shi ne matakin farko, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Kafin ka taɓa komai, sai ka tayar da tsohuwar na'urar da wata ƙaramar Linux daga faifan CD ko filash, ka tambaye ta abin da ke cikinta. Akwai umarni mai suna lspci, shi zai jero maka duk katunan da ke manne a jikin allon uwa, da sunan kamfani da lambar kowanne. Akwai lsusb na kayan da ke shiga ta kafar USB. Akwai fayil mai suna cpuinfo da zai gaya maka irin furosesa da abubuwan da ya iya da waɗanda bai iya ba. Sai lsmod, wanda ke nuna direbobin da ke aiki a wannan lokacin. Ka samu takarda da biro ka rubuta. Wanda ya ce ai ya san kwamfutar tun da ya ga sunan kamfani a murfi, bai san cewa kamfani ɗaya kan fitar da samfuri ɗaya da katin waya-fai iri biyu ko uku ba.

Daga nan sai a sauko da rubutun ƙwaya, a buɗe allon zaɓi da umarnin make menuconfig. Bari in kwatanta muku shi, tun da a rediyo muke. Fuskar kwamfuta za ta koma shuɗiya, da akwati mai ruwan toka a tsakiya, cike da layuka. Babu linzami, da maɓallan kibiya ake hawa da sauka. A gefen kowane layi akwai ɗan gurbi. In ka danna Y, alamar tauraro za ta fito a gurbin, ma'ana an gina wannan abu a cikin jikin ƙwaya, kullum yana nan. In ka danna M, harafin M zai fito, ma'ana an ajiye shi a gefe a kan faifai, sai an buƙace shi a ɗauko. In ka danna N, gurbin ya zama wayam, an bar shi ke nan. Tambayoyin sun haura 15,000, amma kada wannan ya firgita kowa, domin a rukuni-rukuni suke. In ka rufe ƙofar rukuni ɗaya, ɗaruruwan tambayoyi sun tafi tare. Kuma kusan kowane layi yana da bayani in ka danna alamar tambaya, sau da yawa har da shawarar abin da za ka zaɓa in kana kokwanto. Duk amsoshinka a fayil guda suke taruwa, ɗan ƙaramin rubutu da za ka iya kwafa a filash ka ba abokin sana'a.

Hanyoyin shiga aikin biyu ne. Ta farko daga sama ake saukowa. Umarnin make localmodconfig, wanda Steven Rostedt ya rubuta ya shiga ƙwaya a 2009, yana duba jerin direbobin da ke aiki a na'urarka ya kashe sauran. Wannan ita ce hanyar da nake ba mai koyo shawara ya bi, domin cikin 'yan mintuna take sauke dubban direbobi ba tare da ta karya komai ba. Sai dai tana da tarko guda. Abin da ba a jona ba a lokacin da aka ɗauki jerin, ba ta san da shi ba. In ba ka sa filash ba, ba ka jona firinta ba, ba ka kunna waya-fai ba, za ka gama aiki ka tarar sabuwar ƙwayarka ba ta gane ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka a jona komai tukuna, a taɓa kowanne ya yi aiki, sannan a ɗauki jerin.

Hanya ta biyu daga ƙasa ake hawa, kuma ta gwanaye ce. Umarnin make tinyconfig, wanda aka ƙara a 2014, yana ba ka ƙwaya mafi ƙanƙanta da za a iya harhaɗawa, ba ta kai megabayit 1 ba. Amma tsirara take. Ba ta iya rubuta saƙo a fuska, ba ta san kibod ba, ba ta san faifai ba, ba ta ma iya tayar da manhaja ko ɗaya. In ka ɗora ta haka, baƙin allo kawai za ka gani, ka zaci na'urar ta ƙone, alhali ƙwayar na can tana aiki, bakin magana ne ba ka ba ta ba. Sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana kunnawa: ikon buga saƙo, tashar rubutu, ikon karanta manhajoji, direban kibod, direban faifai, tsarin fayil. Aiki ne mai cin rai, amma wanda ya yi shi sau ɗaya ya fahimci kwamfuta fiye da wanda ya shekara yana haddar littafi, don kowane abu da ya kunna ya ga da idonsa abin da rashinsa ke jawowa.

Akwai ramuka da kusan kowa ke afkawa, bari in tsaya a kansu. Babba a cikinsu shi ne na faifan tushe. Ka tuna mun ce harafin M na nufin an ajiye direba a kan faifai sai an buƙata. To in direban faifan kansa ka sa masa M, ƙwaya na buƙatar direban kafin ta karanta faifai, direban kuma yana cikin faifan. Sai ta tashi, ta zubo layuka a guje, ta tsaya cak, ta rubuto da Turanci cewa ta firgita, ta kasa ɗaura tushen fayiloli. A tsohon kibod mai zagayayyen baki har za ka ga fitilu biyu suna ƙyaftawa. Maganin abu ne mai sauƙi: direban faifai da tsarin fayil na tushe, galibi ext4, a ba su tauraro. Manyan masu rarrabawa suna kauce wa wannan ne da wani ƙunshi na wucin gadi mai suna initramfs da ake lodawa a ram tare da ƙwaya, amma ga na'ura mai ram kaɗan gara a gina direban a ciki a huta.

A nan kuma a yi hattara da tsofaffin littattafan koyarwa. Tsohon rukunin direbobin faifan IDE, mai faffaɗan kebul ɗin nan kamar ɗamara, an cire shi daga ƙwaya a siga ta 5.14 a 2021. Faifan bai daina aiki ba, direbansa ne ya koma rukunin da ake kira libata, a ƙarƙashin sunan PATA. Kuma faifan da da ake kira hda yanzu sda ne sunansa. Mutum na iya kwana yana neman laifin ƙarfe, alhali harafi ɗaya ne ya sauya.

Rami na gaba shi ne zaɓen dangin furosesa. Kowane sabon furosesa yana zuwa da umarnonin da na baya bai sani ba. In ka harhaɗa ƙwaya don Pentium Pro da 'yan bayansa, ka kai ta kan Pentium na farko ko AMD K6, za ta ƙi tashi, ta ce akwai abin da take buƙata wanda furosesan ba shi da shi. Haka batun PAE, wata dabara da ke ba furosesa mai bit 32 damar ganin ram fiye da gigabayit 4. Na'urar da ram ɗinta megabayit 512 ne ba ta da abin yi da ita, a kashe ta. Kwamfutocin cinya masu Pentium M na farko, na wajen 2003 da 2004, irin su ThinkPad T41 da Dell Latitude D600 waɗanda suka cika kasuwanninmu a wani lokaci, suna da wata ɗabi'a: furosesan ya iya PAE amma ba ya faɗa. Da yawa an yanke musu hukuncin mutuwa saboda wannan, alhali kalma ɗaya ce, forcepae, ake rubutawa a layin tayarwa su wuce, ko kuma a harhaɗa musu ƙwayar da ba ta neman PAE ɗin sam.

Sauran ragin ba shi da wuya. Furosesa mai kai ɗaya ba ya buƙatar tsarin raba aiki tsakanin kawuna da yawa. Kayan binciken kurakurai na masu rubuta ƙwaya, da direbobin manyan sabobi, da na rediyon masu sha'awa, da tsarin fayil iri-iri da ba za ka taɓa haɗuwa da su ba, duk a sauke. Akwai zaɓin da ke gaya wa manhajar harhaɗawa ta fifita ƙanƙanta a kan gudu, a kunna shi. Wajen matse ƙwaya kuma, xz ya fi matsewa amma ya fi wahalar da raunanan furosesa wajen warwarewa. Gzip bai kai shi matsewa ba amma ya fi saurin tashi. In wurin ajiya ne matsalarka ka ɗauki na farko, in furosesa ne ka ɗauki na biyu. Abu ɗaya da nake so a ƙara maimakon a rage shi ne zram, wanda ke matse bayanai a cikin ram ɗin kansa, ya rage yawan komawa ga tsohon faifai mai jan ƙafa.

Ga wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. A can ƙasan rukunin tsarin fayil akwai jadawalin haruffa na harsuna. Mai zafin rage nauyi yakan share su duka, yana ganin ba su da amfani. Sai ya sa filash ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe amma sunayen fayilolin da ke da ƙ da ɗ da ɓ su koma alamun tambaya. A bar jadawali mai lamba 437, da na Yammacin Turai, da UTF-8. Nauyinsu bai taka kara ya karya ba. Tsarin kibod na Hausa kuwa yana nan a cikin Linux tun tuni, na Najeriya da na Ghana, zaɓa kawai ake yi.

Kada kuma a ce a kan tsohuwar na'urar za a yi harhaɗawar. Abin da sabuwar kwamfuta za ta gama kafin shayi ya huce, Pentium II na iya wuni a kansa. A kwafi jerin direbobin tsohuwar a filash, a kai kan mai ƙarfi, a gaya mata don furosesa mai bit 32 ake aikin. Kafin a kai ƙwayar kan ƙarfen gaske, a gwada ta a QEMU, manhajar da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara, wadda ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. In an zo ɗorawa, a bar tsohuwar ƙwaya a jerin zaɓin tayarwa. Ba a goge mai aiki sai sabuwa ta tabbata.

Ƙwaya ita kaɗai ba ta isa ba, sai da kayan aiki a kanta. A nan ne BusyBox ke shigowa. Bruce Perens ne ya fara rubuta ta a tsakiyar shekarun 1990 don faifan fulofi na ɗora Debian, fayil guda ne da ke yin aikin umarnoni sama da 300. Da ita da ƙwayar da aka rage, wani ɗan ƙasar Poland ya fitar da Floppinux a 2021, Linux ta zamani a kan fulofi guda mai megabayit 1.44, tana tashi a kan furosesa 486. Wanda ba ya son farawa daga sifiri yana da waɗanda suka riga suka yi masa rabin aikin: Tiny Core ta Robert Shingledecker, wadda ke tashi da ram ƙasa da megabayit 50, Puppy Linux da Barry Kauler ya fara a Ostireliya a 2003, da antiX da aka gina a kan Debian.

To amma jama'a, ba zan sayar muku da abin da ba haka yake ba. Na farko, rage ƙwaya ba ya mayar da tsohuwa yarinya. A na'ura mai ram megabayit 32 ko 64 ko 128, kowane megabayit da ka ceto yana da daraja, shi ne bambancin tashi da ƙin tashi. A na'ura mai gigabayit 2 kuwa, ribar da za ka gani saurin tashi ne da ɗan sarari, don ba ƙwaya ce ke cinye ram ɗin ba, burauza ce. Shafukan intanet na yau sun yi nauyin da shafi guda kan ci abin da ya fi ram ɗin kwamfutar 2001 gaba ɗaya. Chrome ta daina fitowa don Linux mai bit 32 tun 2016, Firefox ma tun 2017 take neman umarnonin SSE2 waɗanda Pentium III ba shi da su. Akwai ƙananan burauzoji irin su NetSurf da Dillo, suna buɗe shafukan rubutu lafiya lau, amma wanda ke son YouTube da Facebook a kan Pentium III ya haƙura.

Na biyu, tsaro. Wasu kan ce tun da na'urar ta 2002 ce, a ɗora mata ƙwayar 2002. In ba za ta taɓa shiga intanet ba, babu laifi. In za ta shiga, wannan ganganci ne, don ramukan da aka gano a tsofaffin sigogi ba wanda ke toshe su. Abin da ya dace shi ne sabuwar ƙwaya da aka rage, daga cikin sigogin da ake kula da su na dogon zango. Akwai ma wani shiri a ƙarƙashin Gidauniyar Linux mai suna Civil Infrastructure Platform da ke riƙe wasu sigogi, irin su 5.10 da 6.1, har shekara 10, saboda jiragen ƙasa da masana'antu da ba a sauya musu na'ura kowace shekara. Kuma rage ƙwaya kansa kariya ne, domin direban da babu shi ba a shigo maka ta cikinsa. Sannan ga batun agogo: tsohon tsarin ƙirga lokaci na na'urori masu bit 32 zai cika ya juye a ranar 19 ga Janairun 2038, kuma sai daga siga ta 5.6 ta 2020 ƙwaya ta shirya wa wannan rana.

Tun da mun ambaci agogo, kafin a zargi manhaja a duba ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon uwa, CR2032. In ya mutu kwanan wata zai koma baya da shekaru, shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗewa. 

Na uku, wuta. Wannan mu ya fi shafa. Kwamfutar tebur mai Pentium 4 da tsohon talabijin ɗinta mai ƙeya suna shan wutar da mai sola ko janareta zai ji a aljihunsa, har ta kai kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Waɗanda suka fi cancantar a farfaɗo da su su ne kwamfutocin cinya, da ƙananan nan na wajen 2008 masu furosesa Atom N270, wanda shi kansa wutar da yake ja ba ta kai wat 3 ba. Bit 32 ne, Windows ta zamani ba ta kallonsa, amma da ƙaramar ƙwaya yana rubutu da lissafi ba tare da gardama ba.

Me za a yi da su in an tayar? Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, kuma har gobe akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan linzami. Koyon kibod da gwajin tambayoyi ba sa buƙatar sabuwar na'ura. Rubuta wasiƙa da AbiWord, lissafin shago da Gnumeric, koyon rubuta manhaja, duk tsohuwa na yi. Da manhajar Kiwix ana iya zuba Wikipedia, har da ta Hausa, a faifan na'ura ɗaya, sauran na ɗakin su riƙa karantawa daga gare ta ba tare da data ba. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: kwamfutocin yara na shirin One Laptop per Child da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, Linux ce a cikinsu, kuma samfurin da aka fitar kasuwa ram ɗinsa megabayit 256 ne kacal.

In ba a yi haka ba kuwa, mun san inda suke ƙarewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Wani binciken Jami'ar Majalisar a tashoshin ruwan Legas ya gano ana shigo da wajen tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara a 2015 da 2016, aƙalla tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun daga jirgi. Waɗannan an cuce mu da su. Amma mu ɗauki masu aiki mu haɗa da matattu, yaran jari-bola su ƙona wayoyinsu don tagulla suna shaƙar hayaƙin, wannan kuma mu muka cuci kanmu.

Sai dai ƙofar tana rufuwa a hankali. An cire furosesa 386, wanda aka haifi Linux a kansa, daga ƙwaya a siga ta 3.8 a farkon 2013. A 2022 Torvalds da kansa ya ce lokaci ya yi da za a duba sallamar 486. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta zo da ƙwaya ko manhajar ɗorawa ta kwamfutoci masu bit 32 ba, duk da Debian 12 tana da su. Ban ga laifin masu wannan aiki ba. Direban da ba mai gwada shi, ba mai kawo rahoto in ya lalace, nauyi ne a kansu, kuma a ƙasashensu waɗannan na'urori sun koma gidan tarihi. A wurinmu ne suke da sauran aiki, mu ne kuma ba a jin muryarmu a inda ake yanke shawarar. Ma'anar wannan ita ce nan gaba wanda ke son tsohuwar na'urarsa ta rayu, ba zai samu ƙwaya a shirye ba, sai ya harhaɗa da hannunsa.

Saboda haka kirana ga masu gyaran kwamfuta na Titin Beirut da Farm Centre a Kano, da takwarorinsu na Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram: sana'ar ba ta tsaya a goge faifai a sake ɗora Windows ba. Ku ware na'ura ɗaya daga cikin waɗanda kuka fid da rai da su, ku koyi wannan aiki a kanta, in kun samu saitin da ya yi daidai da wani samfuri ku adana fayil ɗin ku ba junanku. Malaman kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha, ku sa kowane ɗalibi ya harhaɗa ƙwaya ya tayar da ita a kan ƙarfen gaske kafin ya karɓi shaidar kammalawa. Shugabannin makarantu kuma, kafin ku sa hannu a takardar gwanjon abin da ke sito, ku kira wanda ya san aikin ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu rai.